Ɗana ya rame, baya bacci, kuma na tsinci ƙwaya a jakar ƙwallonsa

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Ni uwa ce mai yara biyar a nan Kano, damuwata akan babban ne, shekararsa 15 yana SS2. Tun yana ɗan mitsitsi ƙwallo ce rayuwarsa, a unguwa ma da sunan wani ɗan wasa suke kiransa, yanzu shekara biyu kenan yana wata akadami, turenin bayan asuba kafin makaranta da kuma bayan la'asar, kullum banda juma'a. Wata biyar kenan yana ciwon gwiwa, ƙasan ƙoƙon gwiwar ya ɗan yi tudu, an kai shi wajen mai ɗori an ja an shafa magani babu sauƙi, kuma baya yarda ya huta wai za'a cire shi daga tim. Bayan ƙaramar sallah suka je sikirinin, wato tantance 'yan wasa, a Abuja aka ɗauki abokinsa shi ba'a ɗauke shi ba, tun daga nan yaro ya canza min. Ya rame, abinci sai dai ya tsakura wai koci yace yayi nauyi, dare ina jin motsinsa har ƙarfe biyu, ƙannensa ko kallonsa suka yi sai faɗa, karatu ya zube. Abokinsa ya faɗa min wai ranar nan ya yanke jiki ya faɗi a fili aka yayyafa masa ruwa ya tashi ya cigaba da wasa. Satin da ya wuce ina wanke masa jaka na tsinci ƙwayoyi kala biyu a cikin safa, makwabciyata nas ce tace ɗaya diclofenac ce ɗaya tiramol, da na tambaye shi yace na ciwon gwiwa ne kuma kowa yana sha. Abinda yafi ɗaga min hankali, da daddare naji yana faɗawa ƙanwarsa a hankali wai in dai ƙwallon nan bata yiwu ba gara ya mutu kowa ya huta. Babansa tun farko baya so, yace zai ƙona takalman ya kai shi shagon ƙaninsa a kasuwar Kwari, ban faɗa masa maganar ƙwaya ba don nasan zuciyarsa. Ga wani ejan, wato dillalin 'yan wasa, yace in aka kawo miliyan biyu da rabi zai fitar da shi Turkiyya, har na fara tunanin saida filina na gado ko hankalinsa zai dawo. Ɗan fari ne, ko sunansa bana faɗa, ban saba zama hira da shi ba. Anti ya zanyi?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata. Sannu, wallahi sannu. Na karanta saƙonki na ajiye wayar na sake ɗauka na karanta, kuma abinda na fara gani shine uwar da idonta ke kan ɗanta, ke kika ji motsinsa ƙarfe biyun dare, ke kika lura da lomar da yake kaiwa baki, ke kika zazzage safa. Don haka kada ki ɗauka kinyi sakaci, gidaje da yawa sai abu ya gama lalacewa suke sani, ke kuwa kin gano da sauran lokaci.

Zan fara da maganar da kika ajiye kusan ƙarshe don a wajena ita ce gaba da komai, wato gara ya mutu kowa ya huta. Nasan yara suna faɗin irin wannan cikin fushi washegari su manta, amma naki keɓe ƙanwarsa yayi cikin dare ya faɗa mata, kuma maganar ta zo tare da rashin bacci da rashin cin abinci da zubewar karatu da saurin fushi na wata da watanni. Likitoci in suka ga irin waɗannan alamun sun wuce sati biyu a jere sukan fara zargin ciwon damuwa, kuma a wajen samari ba kasafai yake fitowa da kuka ba, da faɗa da ƙunci da kulle kai a ɗaki yake zuwa, sai a gida ace yaro ya fara rashin kunya alhali ciwo ne ke cinsa. Toh yau ɗin nan kafin ki kwanta ki kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk wani magani dake gidan ki sa a akwati ki kulle. Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Nasan kalmar tana da nauyi a baki, kuma mutane na tsoron wai tambayar ce zata saka masa tunanin, ba haka bane, wanda abin ke ransa sauƙi yake ji in aka tambaye shi. In yace eh, musamman in har ya tsara yadda zaiyi, kada a barshi shi kaɗai, ranar za'a tafi asibiti, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kuma don Allah a wannan zaman kada ki ɗauko masa wa'azin wuta, hukuncin ya sani tun a islamiyya, addu'a dai ki dage da ita a haɗa da asibiti.

Maganar ɗan fari na fahimce ki sosai, haka muka taso muka ga iyayenmu, kuma bazan ce miki alkunya banza bace. Amma kinga da a gidan yawa ake zaune, in uwa ta kau da kai akwai kaka akwai gwaggo da zasu ja yaro a jiki su ji cikinsa, in kuwa gidanku irin na yanzu ne daga ke sai babansa sai ƙanne, kika kau da kai wa ya rage masa? Ba sai kin faɗi sunansa ba, ki kira shi da wanda kika saba, Abba ne ko Babana ne. Kada ki zaunar da shi gaba da gaba kamar a kotu, samari basa magana a haka. Ki bari ƙannen suyi bacci tunda dama shi idonsa biyu, ki dama fura ki kai masa ki zauna a gefe, kuma kada ki fara da ƙwaya, ki fara da Abuja. Kice masa tunda ka dawo daga Abuja ban sake jin dariyarka ba, ba faɗa zan maka ba, bani labarin abinda ya faru a can. Ina kyautata zaton har yau babu wanda ya masa wannan tambayar, kowa sai haƙuri yace masa aka wuce wajen. Zai iya ce miki ba komai, kada ki matsa, kice toh ina nan, gobe ki sake dawowa da furar. In ya fara magana ki riƙe bakinki ko da ya faɗi abinda bai miki daɗi ba, nasiha tana da ranarta. In akwai kawunsa da suke shiri ki sako shi ciki, amma ya zama ƙari ne akan naki zaman.

Ki duba abin ta wajensa. Unguwa ta sa masa sunan ɗan wasa tun bai san kansa ba, duk wanda ya ganshi sai yace yaushe za'a tafi Turai, rana ɗaya aka ɗauki abokinsa aka barshi, gwiwar da yake taƙama da ita ta fara ƙin yarda, a gida kuma yasan babansa jira yake yace ai dama na faɗa. Kusan duk yaron dake buga ƙwallo a garin nan da alƙawari a ransa, zai ginawa Umma gida ya kaita Makka, toh in naki ma haka ne a lissafinsa ke ma ya baki kunya. Wannan kayan yafi ƙarfin ɗan shekara 15. Ki sauke masa da bakinki, ki faɗa masa bakya binsa bashin gida ko kujerar Makka, ko ya buga ko bai buga ba ɗanki ne kuma lafiyarsa kike so. Ke kina ganin ai ya sani, wallahi ba lallai ya sani ba in bai ji daga bakinki ba.

Sai faɗuwar da yayi a fili. Abinda yafi yiwuwa shine zafin Kano da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu ya haɗu da ciki babu abinci, babu ruwa, ga ƙwaya, don tiramol kanta tana sa jiri har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma suma ana tsaka da gudu abu ne da likita baya wasa da shi saboda zuciya. Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas ya faɗi a 1989 ana wasa da Angola bai tashi ba, Chineme Martins na Nasarawa United ma haka a Lafiya a 2020. Ga kuma Nwankwo Kanu, a 1996 da Inter Milan ta saye shi gwajin asibiti ne ya gano matsala a zuciyarsa, aka masa aiki ya warke har ya je Arsenal ya ɗauki kofuna, da ba'a duba ba fa? Wannan labarin zaki bashi in yace shi lafiyarsa ƙalau, babu babban kulob ɗin da ke ɗaukar ɗan wasa sai an masa medikal, wato gwajin lafiya, zuwa asibiti yana cikin aikin. Turenin ya tsaya cak sai likita ya ganshi. Ku nemi a masa gwajin zuciya na ECG, a duba yawan jininsa da maleriya da ƙoda, a duba jinotayif in baku sani ba, don kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato mai ɗauke da gadon sikila, AS bata hana ƙwallo amma mai ita sai yafi kowa kiyaye zafi da ƙishirwa. Kafin ku je ki sake kiran abokin nan nasa ki tambaye shi da kyau, yana gudu ya faɗi ko yana tsaye, jikinsa yayi karkarwa, ya ciji harshe, minti nawa kafin ya farfaɗo, kuma ki tuna ko a danginki ko na babansa an taɓa samun matashin da ya mutu farat ɗaya ba ciwo, duk likita zai tambaya.

Ƙwayoyin kuma, na yarda da shi cewa saboda gwiwa ya fara, na kuma yarda ba shi kaɗai ke sha ba, amma hakan bai rage haɗarin ba. Diclofenac a cikin da babu abinci, ga gumi ga rashin ruwa, hanyar olsa ce da ciwon ƙoda. Tiramol kuwa dangin su kodin ce, jiki yana sabawa da ita har ya zama in ba'a sha ba babu sukuni, wadda hukuma ta yarda a bayar da takardar likita mai 50 ce da mai 100, amma wadda ke yawo a hannun yara sau da yawa mai 200 ce ko 225, ki duba lambar dake jikin fakitin ki tafi da shi asibiti. Rashin baccin da rashin cin abincin da faɗan ma tana iya zama da hannu a ciki. Abinda nake so ki kiyaye, in ya zama kullum yake sha tsawon watanni, yankewa rana ɗaya tana zuwa da ciwon jiki da zufa da gudawa da ƙunci mai tsanani, kuma yaron da ya riga ya ambaci mutuwa bama so ya shiga wannan shi kaɗai, likita ne zai tsara yadda za'a janye a hankali, shi yasa asibitin nan na gobe ne, ba na wata mai zuwa ba. Kada kowa ya baki shawarar gidan mari ko kiran 'yan sintiri su zane shi, mun ga halin da aka fito da mutane daga irin gidajen nan a Kaduna da Katsina a 2019. In kina neman hujjar da zata shiga kunnensa, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta tiramol lokacin gasa tun Janairun 2024, ɗan wasan da aka samu da ita a fitsarinsa dakatar da shi za'a yi. Sannan a hankali ki gano inda yake samu, in wani babba ne a akadamin ke basu toh zamansa a wajen ya ƙare.

Gwiwar ita ce nake ganin tafi sauƙi a duka, duk da ita ta jawo sauran. Yadda kika kwatanta, tudu a ƙasan ƙoƙon gwiwa a yaro mai tasowa mai yawan gudu da tsalle, yayi kama da abinda likitoci ke kira Osgood-Schlatter. A shekarun nan ƙashi yana tsawo da sauri, kuma inda jijiyar gaban cinya ta kama ƙashin ƙwauri bai gama ƙwari ba, toh duk bugu duk tsalle jijiyar tana fizgar wajen har ya kumbura. In shine, babu abinda ya karye ko ya goce, shi yasa jan mai ɗori bai yi komai ba, a daina ja ma don fama wajen yake. Yawanci yana lafawa in girma ya kammala, tudun kan iya zama amma baya hana wasa. Maganinsa rage turenin, ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma kamar minti 15 bayan motsa jiki, da atisayen miƙa jijiyoyin cinya da masu gashin ƙashi zasu koya masa. Ku je Asibitin Ƙashi na Dala su tabbatar, musamman in gwiwar gaba ɗaya tana kumbura ko tana maƙalewa ko tana sakinsa yana tafiya ko ciwon na tashinsa cikin dare, waɗannan wani abu ne daban. Kuma kiyi lissafi da ni, in safe awa ɗaya da rabi ne yamma awa biyu, kwana shida, awa 21 kenan a sati. Likitocin wasannin yara suna da ma'auni mai sauƙi, awannin turenin a sati kada su wuce shekarun yaro, shi kenan 15, da hutun kwana ɗaya ko biyu. Wata biyar gwiwar nan tana neman hutu ana bata ƙwaya.

Maganar da koci ya masa wai yayi nauyi kuwa raina ya ɓaci da ita. Yaron dake girma kuma yake gudu sau biyu a rana yafi babansa buƙatar abinci, in ya rage ci tsoka ce ke zubewa, gudun ya ragu, ciwo ya ƙi warkewa, rai ya dinga ɓaci ba dalili. Ba sai kin sayi garin gwangwani mai tsada da ake talla ba, tuwonsa da shinkafarsa da dankali su ne ƙarfin gudun, ki ƙara masa ƙwai da wake da awara da ƙuli-ƙuli da nono da zogale daidai ƙarfinki, kuma in ya koma kada ya sake fita da asuba ciki wayam, ko kunu da dabino ne ya sa. Lemukan ƙara kuzarin nan a barsu, suna hana bacci suna sa bugun zuciya. Ruwa ya dinga duba fitsarinsa, in yayi ja kamar shayi bai sha isasshe ba. In kika ga yana ɓoye abinci ko yana tada amai bayan ci ki faɗawa likita, samari ma suna kamuwa da wannan. Bacci awa 8 zuwa 10 ake so a shekarunsa, wanda ya kwanta biyu ya tashi asuba ko rabi bai samu ba.

Kocin bazan yanke masa hukunci daga nesa ba. Da yawan masu horar da yara a unguwanninmu da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo da jesi, kuma sun raba yara da yawa da daba da zaman banza, sai dai yadda aka horar da su haka suke horarwa, kuma mai yiwuwa bai ma san da ƙwayar ba. Amma yaro ya suma a yayyafa masa ruwa a maida shi wasa kuma ba'a sanar da gida ba, wannan kuskure ne babba sai an faɗa masa. Bayan kun ga likita babansa ko kawunsa ya je da takardar asibiti a hannu ya same shi cikin mutunci, ace ga hutun da aka bashi, a ajiye masa gurbinsa, ya dinga zuwa yana zama a benci don kada ya yanke da abokansa. In kocin yace shi baya jiran kowa, Kano cike take da ƙungiyoyin yara, a canza.

Yanzu babansa. Nasan dalilinki na ɓoyewa amma wannan ba sirrin da zaki riƙe ke kaɗai bane, ɗansa ne, kuma ranar da yaji a waje abin kanki zai dawo har ya taɓa zamanku. Tsoronsa ma gaskiya ne, cikin dubban yaran dake buga ƙwallo a Kano ƙalilan ne zasu ci abinci da ita, kuma Kwari ta rufawa gidaje da yawa asiri. Inda ban yarda da shi ba shine ƙona takalma a wannan lokacin, yaron da yace in babu ƙwallo gara mutuwa ba'a fizge masa ita rana ɗaya. Ki bari yaci abinci ya huta, ku biyu kawai, ki fara da cewa yaronmu ya suma a fili, sannan abinda kika ji ya faɗawa ƙanwarsa, sai tsoro irin naki ya shige shi tukuna ki kawo maganar maganin da yake sha saboda gwiwa, ki roƙe shi alƙawarin ba duka ba gori har a ga likita. In kinsan duk da haka zai ɗau bulala, ki fara biyawa ta wajen wanda baya iya musawa, mahaifiyarsa ko yayansa ko limamin da yake jin maganarsa, ko ku tafi asibitin tare akan maganar suman likita ya faɗa masa sauran da bakinsa. Abinda nake ganin kowa zai iya ɗauka, ƙwallo tana nan amma da sharaɗin lafiya da karatu, turenin sau ɗaya a rana in likita ya sallame shi, asabar ko lokacin hutu ya je shago a bashi ɗan abin kashewa, a kira shi koyon kasuwa kada a kira shi hukunci. In Allah ya sa ya koma fili ki lallaɓa baban ya je ya tsaya ya kalle shi ko sau ɗaya ne.

Filinki kuwa kada ki saida, ko biyar kada ki ba ejan nan. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ɗan ƙasa da 18 daga wata ƙasa zuwa wata don buga ƙwallo, sai a 'yan yanayi kaɗan kamar iyayensa sun koma can da zama saboda dalilin da ba ƙwallo ba. Ahmed Musa da yaranmu ke kallo, daga ƙungiyar JUTH ta Jos ya zo Kano Pillars yaci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kuma da VVV-Venlo ta Holan ta saye shi sai da aka jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu. In shi an jira, wa zai yiwa ɗan 15 rajista a Turkiyya? Abinda ke yawan faruwa bizar yawon buɗe ido ce, a ajiye yaro a otal, ejan ya kashe waya, biza ta ƙare, yaro ya koma ɓuya a ƙasar da bai san kowa ba, wani kunya ma ta hana shi kiran gida. Kulob ɗin dake son ɗan wasa da gaske shi ke aiko da takardar gayyata ya ɗauki nauyi, baya cewa uwa ta saida gado. In kina son cire shakka kawunsa ya nemi lasisin mutumin da takardar kulob ɗin ya kai ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba. Kuma ki yiwa yaron wannan bayanin da kanki don kada ya ɗauka ƙin taimakonsa kika yi, ki nuna masa da gwiwar nan da ƙwayar nan ko ejan na gaskiya ne a medikal na farko zai faɗi, ya dawo da ciwon da yafi na Abuja.

Karatu ki sassauta masa a wannan zangon, in bacci ya dawo kai zai dawo, sai dai ki je ki ga malamin ajinsa kice yaron baya da lafiya don su daina masa kallon malalaci, WAEC sai baɗi. Nan gaba in ya samu kansa za'a iya nuna masa harkar ƙwallo tana da ƙofofi da yawa, koci, alƙalin wasa, likitan gashin ƙashi da ake karantawa a nan BUK, amma yanzu in kika kawo wannan ji zaiyi kamar kin fitar da rai da shi, ki ajiye tukuna. Kada ki manta da ƙanwar nan tasa, yarinya ce aka ɗorawa magana mai nauyi, ki jawo ta kice ta kyauta da take sauraron yayanta, kuma duk ranar da ya sake faɗin irin haka ta zo ta faɗa miki, wannan ba gulma bace. Makwabciyar nan nas in mai riƙe sirri ce ki roƙe ta ta raka ku asibitin, ke ma kina buƙatar wanda zai tsaya kusa dake.

Ki rubuto min bayan kun ga likita, ina son jin sakamakon gwajin zuciyar da lambar dake jikin fakitin tiramol ɗin, da kuma abinda yace miki ya faru a Abuja. Allah ya bashi lafiya, ya sanyaya zuciyar babansa, ya baki ikon zaman nan na daren yau.